Mutumin da Ya Iya Faɗuwa

"Sake faɗa," in ji Malaki. "Ɗaga murya kowa ya ji."

"Na ce babanka ba ya cikin ukun farko."

"Cikin uku?"

"Ko biyar."

Esera bai ɗago kai ba, yana goge addarsa da ganyen ayaba. Asabar ce. Samarin ƙauyen Matavao sun gama saran ciyawar filin coci, sun zube a gindin katangar dutse suna fasa kwakwa, hira kuma ta gangara inda ta saba: cikin 'yan Samoa da suka haye teku suka yi kokawar resilin, wane ne babba? Tun suna yara suke wannan musu. Wani ya ce Saulo Mai Kan Ƙarfe, wanda aka fasa wa kujera uku a ka bai ƙifta ido ba. Wani ya ce ai Saulo tulin nama ne kawai, a ba shi Fetu na tsibirin Tutuila mai dirowa daga saman igiya. A yi ta ihu ana rantse-rantse, ƙarshe dai a dawo gida, a kan Seumalo, Guguwar Savai'i, wanda ya riƙe kambu shekara huɗu a Amurka, ya dawo ya yi wa cocin nan rufin kwano, yanzu kuma shi ne babban matai, shugaban masu sarautar ƙauyen. Da an ambaci sunansa musu ya ƙare. Malaki ɗansa ne.

Yau Esera ya ƙi bari ya ƙare.

"Kai, rana ce ta bugi kanka?" in ji wani daga gefe. "Sha ruwan kwakwa ka dawo hayyacinka."

"Ku ƙyale shi," in ji Malaki. Yana murmushi, amma ya ajiye kwakwar da ke hannunsa. "To mai girma alƙali, wa za ka ɗora a sama? Ko babanka?"

Dariya ta ɓarke.

"Baba Uelese!" Malaki ya ware hannuwa kamar mai shela a fage. "Jama'a, ga mutumin da ya fi kowa sanin rufin ɗakunan wasa na Amurka. Duk ya kwanta ya ƙirga fitilunsu. Har Japan ya bi babana a jirgi don kada kaye ya wuce shi. Sau nawa ne ma, ɗan'uwa? Ɗari biyu?"

"Da sha ɗaya."

"Kun ji! Shi ma ya riƙe lissafi."

"Kuma ko sau ɗaya babanka bai kayar da shi ba. Kwanciya aka yi masa."

Dariyar ta yanke. Kowa a wurin yana da waya, kowa ya san akwai mai tsara wannan kokawa tun kafin a hau fage. Suna faɗin haka a kan Turawa, suna faɗi a kan Saulo in musu ya yi zafi. A kan Seumalo ne ba a faɗi, ko da yake ba wanda ya taɓa kafa doka.

A tsallaken hanya akwai babbar rumfar taro marar bango. Matai bakwai suna zaune a ciki, kowa ya jingina da ginshiƙinsa, ana zagayawa da ƙoƙon ava, jiƙon saiwa da manya ke sha a taro. Seumalo yana cikinsu, faɗin bayansa ya ɓoye ginshiƙin gaba ɗaya. Ba a tsayawa a tsaye a ɗaga murya a gaban wannan rumfa in manya suna ciki. Esera ya sani. Ya miƙe tsaye.

"A ɗakin canza kaya ake gaya musu wanda zai ci," ya ce, muryarsa ta tsallaka hanya. "Duk ɗagawar da kuke gani a kaset, babana ne yake yin tsalle ya ɗaga kansa. Babanka ba abin da ya iya sai zare ido da bugun ƙirji. Kambun da ke rataye a falonku, da gadon bayan babana aka samo shi."

Malaki ya taso da gudu, kai a duƙe. Esera bai yi tunani ba. Jikinsa ne ya yi abin da aka koya masa a yashin bakin teku yana ɗan shekara sha biyu: ya goce, ya kama hannu, ya ba da ƙugu. Amma nan ba yashi, kuma Malaki bai iya faɗuwa ba. Ya miƙa hannu zai tare ƙasa. Ƙarar ta yi kama da ta busasshen reshen kwakwa in an taka shi.

Aka yi kan Malaki. Esera ya tsaya inda yake, yana kallon tsallaken hanya. Seumalo bai tashi ba. Ya dai ajiye ƙoƙon da ke hannunsa a kan tabarma, a hankali, bai sha ba.

Kafin a kaɗa ƙararrawar addu'ar yamma, mai magana da yawun majalisa ya zo ƙofar gidansu da sandarsa. Bai shiga ba, bai karɓi wurin zama ba. Ya ce majalisa za ta zauna ranar Litinin da ƙarfe goma, da zarar an busa ƙaho. Laifi biyu ne: raunata ɗan matai, da cin mutuncin matai a gaban rumfa. Ya ce an riga an ambaci kora.

Kora ba ta mutum ɗaya ba ce. Gidan ne zai tashi, da Esera, da babansa, da Gwaggo Meleane, yayar baban, wadda take riƙe da su tun rasuwar uwar Esera. Gonar gwaza za ta koma ciyawa. Kabarin uwar kuwa yana nan taku huɗu daga ƙofa, an yi masa farin fenti, Gwaggo tana shanya wanki a gefensa. Wannan ba a ɗaukarsa a bas.

Uelese ya saurari saƙon yana zaune a kujerarsa ta katako, ƙafar dama a miƙe don ƙugunsa ba ya lanƙwasuwa. Ya yi godiya. 

Lahadi ba a shari'a, ba a faɗa, ba a ban haƙuri. Suka je coci. Bencin da suka zauna yana ɗaukar mutum goma, su uku suka zauna a kai har aka tashi. Malaki yana gaba, hannu cikin farin simintin ɗori na asibiti a rataye a wuya. Bayan cin abincin rana, wanda ba wanda ya ci da yawa, Gwaggo ta jawo akwati daga ƙarƙashin gado, ta fito da tabarmar da suka gada. Tun zamanin kakarta aka saƙa ta, ta yi laushi kamar zane, bakinta da jan gashin tsuntsu. Ta shimfiɗa ta a kan cinyarta tana duba ko asu ya taɓa.

"Don jana'izarka na ajiye ta," ta ce wa Uelese. "Ga shi za ka shiga ƙarƙashinta da ranka."

"Gara haka, Yaya. Aƙalla zan ga yadda ta yi mini."

"Ka ji shi. Gida na rushewa yana raha."

Esera ya gane. Ifoga za su yi. Za su je ƙofar Seumalo tun asuba, su zauna a ƙasa, a lulluɓe su da tabarmar, su jira. In ya fito ya ɗaga ta, magana ta mutu, majalisa ba ta da sauran ta cewa. In aka busa ƙaho suna ƙarƙashinta, su dawo su ɗaure kaya. Matai na danginsu yana Okland, can ƙasar waje, shekara shida ke nan. Gwaggo ta kira shi a waya, ya ce Uelese ya tsaya a madadinsa.

"Ni kaɗai zan je," in ji Esera. "Ni na yi."

"Tabarma ba ta ɗaguwa a kan yaro shi kaɗai," in ji Gwaggo, ta ninke ta, ta fita waje ta bar su.

Uelese ya daɗe yana kallon teku ta tsakanin ginshiƙai.

"In ya ɗaga, za a shigar da mu ciki," ya ce. "Zai tambaye ka. Za ka ce ƙarya ka yi."

"Ba ƙarya na yi ba."

"Ban tambaye ka wannan ba."

"Mama ce ta gaya mini, Baba. A asibiti. Ta ce ba ka taɓa faɗuwa ba sai an ce ka faɗi."

"Mamarka ba ta taɓa tsallake igiyar fage ba."

"To ka ce mini ƙarya ta yi."

 Uelese ya shafa gwiwarsa. Hannuwansa manya ne, yatsu biyu a karkace.

"Kullum suna yi maka dariya," in ji Esera. "Kowace Asabar. Yara suna kwanciya a ƙasa su ce su ne Uelese. Seumalo yana shan ava a ginshiƙin tsakiya, kai ba ka iya ɗaure zanenka a tsaye."

"Ka taɓa jin na yi kuka?"

"Shi ne abin da ke ci na."

"Saurara." Muryar ba ta tashi ba. "Ranar da aka fara koya mana aikin, ni da shi, a wani gareji, tsohon da ya koya mana ya sa muka ba shi hannu. Abin da aka faɗa a ɗakin canza kaya ba ya fitowa. Ko ga mata, ko ga ɗa, ko ga fasto. Na ba da hannu. Ban ji an ce alkawarin yana ƙarewa in mutum ya tsufa ba."

"Duk duniya ta sani yanzu."

"Ba daga bakina ba."

Wata kaza ta shigo tana tsattsagar tabarmar ɗaki. Uelese ya kore ta da sandarsa.

"Kuma ba maganar ce ta hana ni barci jiya ba," ya ce. "Shekara sha tara ina wannan aiki. Ban karya wa kowa ko ɗan yatsa ba. Mutum ya ba ka jikinsa, ka mayar masa da shi yadda ya ba ka, ya koma wa matarsa. Iyakar aikin ke nan. Kai kuwa na koya maka jifa don ka san faɗuwa, ka je ka jefa wanda bai iya ba, a kan dutse."

Esera ya sunkuyar da kai.

"Za ka faɗa?"

"Ban sani ba, Baba."

"To ka sani kafin gobe. Mamarka tana waje."

Gari bai gama wayewa ba suka fita. Esera yana ɗauke da damin itace a kafaɗa da kwandon duwatsun murhu a hannu. Gwaggo tana da ganyen ayaba da tabarmar. Haka ake zuwa: ga itace, ga dutse, ga ganye, ga mu, in kun ga dama ku gasa mu kamar aladu. Uelese yana baya yana jan ƙafa. Gidan Seumalo yana kan tudu, bene ne na siminti, da matakala shida, gabansa an zuba farar tsakuwar teku.

Suka jera kayan. Zaman ya ɗauki Uelese lokaci. Ya ajiye sanda, ya dafa kafaɗar Esera, ya sauka gwiwa ɗaya, sannan ya kama ƙafar dama da hannu biyu ya tanƙwasa ta da ƙarfi har ya harɗe. Bai yi nishi ba. Esera ya zauna a gefensa. Gwaggo ta yafa musu tabarmar, ta gyara bakinta, ta koma baya ta zauna.

A ciki akwai warin akwati da na tsohon ganye. Haske yana shigowa ta saƙar kamar ƙurar gari. Esera yana iya ganin tsakuwa, da matakala biyu na ƙasa, shi ke nan.

Zakaru suka gama. Aka buɗe taga a sama, aka rufe. Esera ya ji an kunna murhu, ya ji ƙanshin koko. Ba wanda ya fito.

Wajen ƙarfe bakwai ƙafafu suka fara zuwa. Samarin dangin Seumalo ne, ya gane su da murya. Suna zagaya su a hankali. Ɗaya yana jan adda a kan tsakuwa.

"Wanne ne mai bakin a ciki?"

"Ƙaramin tudun."

"Babban kuwa ai ya saba. In ka ƙirga uku ma zai kwanta."

Bakin addar ya taɓa tabarmar daidai gwiwar Esera. Ya yunƙura zai tashi. Hannun babansa ya sauka a cinyarsa ya danne, bai saki ba sai da wata tsohuwa ta daka musu tsawa daga baranda suka ja baya.

Bas ɗin safe ya taho da kiɗa, da ya zo saitin gidan direba ya kashe. Rana ta hau. Tabarmar ta fara ɗaukar zafi, gumi yana bin bayan Esera, tsakuwa tana cin idon sawunsa. Daga hanya yana jin gunagunin mutane yana ƙaruwa. Duk ƙauyen ya zo, ba wanda ya tafi gona.

Ƙafar Uelese ta fara rawa. Da farko kaɗan, daga baya har tabarmar tana motsi.

"Baba, miƙe ƙafar. Ba wanda zai gani."

"Yi shiru."

"Za ta mutu."

"Ta daɗe da mutuwa. Yi shiru."

Esera ya rufe ido. Ya gwada faɗin kalmomin a ransa, ƙarya na yi, ya kasa kai ƙarshensu. Ya gwada ɗaya maganar, ta gaskiya, ya ga kansa yana faɗa wa Seumalo ido da ido a gaban matai bakwai, ya ji daɗin har cikin haƙoransa. Sannan ya ga Gwaggo a bakin hanya da akwati a ka. Ya buɗe ido.

Ƙararrawar makaranta ta buga tara da rabi. Daga can ƙasa, wajen rumfar taro, wani ya gwada ƙaho, gajeriyar busa ta share maƙogwaro. Numfashin Uelese ya koma na mai hawan dutse.

Sai ƙofa ta buɗe. Gunagunin hanya ya ɗauke.

Sanda ce ta fara saukowa, tana bugun siminti. Matakala ɗaya, a tsaya. Wata, a tsaya. Seumalo yana iya aiko mai magana da yawunsa ya ɗaga tabarmar, ba wanda zai ce ya yi laifi. Da kansa ya fito. Ta cikin saƙar Esera ya ga ƙafafun sun iso tsakuwa, kumburarru, farce ya yi kauri, gwiwoyin duk tabon ɗinki. A gefensu ga ƙafafun Malaki, yana riƙe da baban da hannunsa mai lafiya.

Suka tsaya a gaban Uelese. Aka daɗe. Esera yana jin numfashin mutumin a sama da su, mai nauyi, da ɗan fito a ciki.

"Riƙe sandar," in ji Seumalo.

"Baba, bari in..."

"Na ce riƙe."

Ya fara duƙawa. Hannu ya sauko yana neman bakin tabarmar. Saura kamar taki ɗaya gwiwar hagu ta ƙi. Esera ya ga ta karkace waje, ya ga yatsun ƙafar sun tono tsakuwa, ya ga inuwar ta taho kansu gaba ɗaya. Guguwar Savai'i zai kife a kan fuskarsa a gaban dukan Matavao, a kan mutanen da suka zo ba shi haƙuri.

Uelese ya motsa. Ba da yawa ba. Ya tura kafaɗarsa gaba ƙarƙashin tabarmar, daidai inda hannun zai sauka, hannun ya sauka a kai da dukan nauyin da ke bayansa. Wani abu ya yi ƙara a ƙugun tsohon. Esera ya ji shi a jikinsa don cinyoyinsu suna haɗe.

"Na riƙe ka," in ji Uelese. Leɓensa ba ya motsi, muryar ba ta wuce taku ɗaya ba, kuma ba muryar da Esera ya sani ba ce. "Kada ka yi sauri. Ƙafar dama gaba. Danna nan. Bar su su kalla. Ɗaya. Biyu. Kama bakin. Yanzu."

Ya tunkuɗa sama da kafaɗa. Seumalo ya tashi tsaye cak, tabarmar a hannunsa, ya ɗaga ta sama har jan gashin ya kaɗa a iska. Rana ta faɗo wa Esera a ido. Daga hanya aka saki ajiyar zuciya, wata mata ta fashe da kuka. Abin da suka gani, babban matai ya duƙa ya dafa tsohon abokin karawarsa, ya daɗe yana dafe da shi don tausayi, sannan ya yafe.

Esera ya kalli babansa. Fuskar ta yi toka, gumi yana ɗiga daga haɓa, kansa a sunkuye kamar yadda ya kamata.

Mutum biyu ne suka ɗaga Uelese suka shigar da shi rumfar gidan. Matai suka hawo daga rumfar taro suka zazzauna. Aka yi jawabai masu tsawo, aka ambaci kakanni, aka ambaci Allah, aka karɓi tabarmar Gwaggo aka ninke. Esera yana zaune a can baya, harɗe, hannu a gwiwa. Bai ji rabin abin da aka faɗa ba. Kafin yau maganar uwarsa kawai yake da ita. Yanzu ya gani da idonsa, a nisan hannu.

"Ɗan Uelese," in ji Seumalo.

"Ranka ya daɗe."

"Hannun Malaki zai warke. Samari suna faɗa, mu ma mun yi. Amma ranar Asabar ka faɗi wata magana a tsaye, na ji, waɗannan ma sun ji. Ina so su ji abin da za ka ce a zaune."

Ba ya kallon Esera. Idonsa yana kan ginshiƙin da ke bayansa.

 Esera ya dubi babansa. Uelese bai juyo ba. An jingina shi da ginshiƙi, ƙafar dama a miƙe, an rufa mata tabarma don kada ta nuna manya, hannunsa yana damƙe da gefen zanensa har jijiyoyi sun fito. Gwaggo tana waje a rana, ta ƙi shiga inuwa.

"Ƙarya na yi, ranka ya daɗe."

"Ba su ji ba."

"Ƙarya na yi. Haushi ne. Kai ka kayar da shi."

Bakinsa ya yi ɗaci kamar ya tauna ɗanyen gwaza.

Seumalo ya gyaɗa kai. Ya juya ga matai.

"Na kara da mutane a ƙasa tara," ya ce. "Ban taɓa haɗuwa da mai taurin kai irin wannan tsohon ba. Ka kayar da shi yau, gobe ka tarar da shi a fage yana jiranka."

Aka yi dariya, dariyar mutanen da aka sauke wa kaya. Uelese ma ya yi murmushi. Mai magana da yawun majalisa ya buga sandarsa ya ce maganar kora ta mutu, kada a sake jin ta a bakin kowa. Ba a busa ƙaho ba.

Da aka tashi, Uelese ya kasa miƙewa. Aka ce a kawo mota, ya ce a'a, ɗansa yana nan. Esera ya durƙusa ya goya shi. Bai yi nauyin da ya zata ba. Suka gangara tudun da tsakar rana, Gwaggo a gaba da sandar, mutane suna matsawa gefe, wasu har suna gaisuwa.

"Ka yi daidai," in ji Uelese a kunnensa.

Esera ya gyara goyon, ya ci gaba da tafiya.

Sun kusa gida ya ji taku a bayansu. Malaki ne, shi kaɗai, da kwandon ganyen kwakwa a hannunsa mai lafiya, cike da gwaza da cinyar alade, abincin da gidan da ya yafe yake aikawa. Yara ake ba irin wannan aike. Ya wuce su ya ajiye kwandon a bakin ƙofa, ya gaida Gwaggo, ya gaida Uelese da ladabi. Bai tafi ba. Ya tsaya yana gyara igiyar da ke wuyansa, yana kallon ƙasa.

"Ɗan'uwa," in ji Esera. "Hannun..."

"Bar maganar hannu."

Ya matso. Fuskarsa ba fushi a cikinta, kuma Esera ya gwammace a ce akwai.

"Ina riƙe da babana," in ji Malaki, murya ƙasa. "Na ji lokacin da gwiwarsa ta ƙi. Ya kuɓuce mini, na san ya faɗi, har na rufe ido. Sai na buɗe na gan shi a tsaye. A gida mutum biyu ne suke tayar da shi daga kujera."

Gwaggo ta tsaya cak da kwandon a hannu. A maƙwabta wata mata ta daina shara. Esera ya ji yatsun babansa sun nutse a kafaɗarsa, karkatattun nan biyu sun fi shiga.

"Na ji murya," in ji Malaki. Ya dubi tsohon, ya dubi Esera. "Me babanka ya ce masa a ƙarƙashin tabarmar?"